Yadda Ake Kai Iyali Kallon Farin Ruwa da Mota Mai Fowil, Daki-daki

Duk sanda hutu ya matso sai tambayoyi su yi ta shigowa a kan abu ɗaya: mutum yana son ya ɗebi iyalinsa ya kai su su ga Farin Ruwa, magangarar ruwan nan da ke ƙaramar hukumar Wamba a jihar Nasarawa, amma bai san ta inda zai fara ba. Wannan yana tambaya ko Sienna ɗinsa za ta kai, wancan yana son sanin nawa zai tanada, wata kuma ko za a iya zuwa da yaro ɗan shekara uku. Ruwan daga tsaunukan Filato yake gangarowa, ya faɗo daga tsayin da ake ƙiyasta ya kai mita 150, kuma wanda ya tsaya a gindinsa ba zai yi da-na-sanin wahalar hanya ba. Sai dai ba a bakin titi yake ba kamar Assop da ke kan hanyar Jos. Kwalta tana ƙarewa, a shiga hanyar ƙasa, daga bisani a ajiye mota a taka da ƙafa. Duk tsarin da ke ƙasa a kan manufa ɗaya aka gina shi: ku fito daga daji ku hau kwalta tun rana tana sama.

1. Zaɓi watan da ya dace

Da damina ruwan ya fi cika da ban sha'awa, kuma a lokacin ne hanya ta fi muni. A watan Agusta da Satumba rafukan da ke kan hanya suna cika, ƙasa ta zama taɓo, duwatsun gindin ruwa su yi santsi. Wannan ba lokacin zuwa da yara ba ne, ko da motarka ta fi ta kowa. A Fabrairu da Maris kuma hanya ta bushe sarai, amma ruwan ya ragu ƙwarai, ga zafin rana a lokacin tafiyar ƙafa.

Ni a ganina babu kamar daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Ruwan sama ya ɗauke, hanya ta fara tauri, magangarar kuma tana da sauran ƙarfinta.

Gargaɗi: idan an tafka ruwa a yankin kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tafiya, a ɗaga. Yara za su yi fushi, su huce.

2. Tabbatar motarka fowil ce ta gaske

A nan mutane da yawa ke ruɗar kansu. Fowil ita ce motar da injin ke jan tayoyinta huɗu duka, tsayin mota da girman jikinta ba su ne fowil ba. Duba kusa da giya: idan akwai ƙaramar giya ta biyu, ko wani maɓalli da ake murɗawa, mai ɗauke da rubutun 4H da 4L ko H da L, to motarka tana da giyar ƙarfi, wato 4L mai jan tayoyi huɗu a hankali da ƙarfi, kuma ita ake nema; 4H kuwa jan tayoyi huɗu ne ba tare da giyar ƙarfi ba. Hilux mai fowil, Prado, Land Cruiser, Pajero da 4Runner mai fowil duk suna cikin wannan sahun. A kula, akwai Hilux da 4Runner da tayoyin baya kawai ke jan su, don haka kada suna ya ishe ka hujja.

Highlander, RAV4, CR-V da Lexus RX ba su da giyar ƙarfi. Da rani tsantsa, a hannun direba mai haƙuri, suna iya yin nisa a hanyar ƙasa, amma cikinsu bai da tsayi sosai, kuma idan aka haɗu da taɓo ko hawa mai duwatsu sai su gaza. Sienna da ƙananan motoci kuwa a bar su a Wamba, a nemi wata dabarar ƙarasawa.

Idan da hali, ku tafi da mota biyu. Gida biyu su haɗu, ko wa da ƙani. Mota ɗaya tilo a daji idan ta kafe babu mai jan ta.

3. Kai ta wurin bakanike mako guda kafin tafiya

Mako guda, ba jajibiri ba, domin idan an canza wani abu ka samu kwanakin gwada shi a cikin gari. Ka tsaya a kansa ya duba baƙin mai, ruwan lagireto da robobinsa, fanbel, birki da mansa, kan batir da abin da ya ɗaure batirin, shokozoba, da man giya da na aksul. Ya shiga ƙarƙashi ya ga ko akwai yoyo ko wani abu da ke lilo, musamman salansa.

Sannan ku gwada fowil ɗin kansa. Motoci da yawa a garuruwanmu sun shekara ba a sa musu 4L ba, sai ranar buƙata a murɗa maɓalli fitila ta yi ta ƙiftawa giya ta ƙi shiga. Ku nemi fili mai ƙasa, a sa 4H a yi tafiya kaɗan, a tsaya a sa 4L, a mayar. Idan motar tsohuwa ce mai makulli a tsakiyar tayoyin gaba, ka koyi murɗa shi da hannunka.

Taya ita ce rabin tafiyar. Wadda ta suɗe ko gefenta ya tsattsage ba ta shiga wannan hanya. Sauko da safaya ka auna iskarta, ka tabbatar jak yana ɗagawa kuma sifanar taya ta dace da notocin motarka.

Kuskuren da aka fi yi: ɗaukar motar aro ko ta haya da safiyar tafiya ba tare da an buɗe but an ga abin da ke ciki ba.

4. Loda kaya

Na mota: famfon taya mai aiki da batirin mota, gejin auna iska, kayan facin tubles, igiyar jan mota ta ainihi mai ƙarfin da ya zarce nauyin motarka, shebur, adda, katako mai kauri da faɗi da za a ɗora jak a kai, wayar haɗa batir, galan na ruwa saboda lagireto, lita ɗaya ta baƙin mai, da tocila mai sabon batir. Takardun mota da lasisin tuƙi su kasance ba su ƙare ba, ga abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a titi, domin akwai shingayen jami'ai a hanya.

Na mutane: ruwan sha aƙalla lita 3 ga kowane mutum, har da yara, da ƙarin jarka a mota. Abinci ya zama wanda ba ya lalacewa da zafi kuma ba ya buƙatar wuta: dafaffen ƙwai, burodi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, lemo, soyayyar doya. A haɗa da tabarma, buta, kayan canzawa na kowa a cikin leda, tawul, hula, da ledar zuba shara.

Takalmi ya cancanci a tsaya a kansa. Kowa ya sa kambas ko sandal mai maɗauri a dunduniya, mai ƙasan roba. Silifas da takalmin kwalliya su ne ke kayar da mutane. Uwargida da 'yan mata su sa wando a ƙarƙashin doguwar riga ko zane, hijabi kuma ya zama matsakaici wanda ba ya jan ƙasa, saboda ƙaya da hawa.

Akwatin magani: farasitamol na manya da na yara, bandeji, filasta, auduga, maganin wanke ciwo, maganin ƙaiƙayi, man korar sauro, da ƙunshin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari. Idan babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali. Mai asma ko ciwon suga ko hawan jini ya riƙe maganinsa a jikinsa, kada ya bar shi a mota.

Gargaɗi: kaya masu nauyi a ƙasan but, a ɗaure. A hanyar gargada, jak ko tukunyar da ba a ɗaure ba tana iya tashi ta faɗa kan yaran da ke kujerar baya. Kada a ajiye jarkar fetur a inda mutane ke zaune.

5. Yi lissafin kuɗi

Mai ne babban kaso. Mu ɗauki mai tasowa daga Abuja: zuwa da dawowa ka ƙaddara kilomita 350. Babbar mota mai fetur tana iya shan lita 14 a kowace kilomita 100, wato kusan lita 50. Ƙara kashi ɗaya bisa uku saboda ƙaramar giya da na'urar sanyaya mota da ɓatan hanya, ka samu wajen lita 65. Ninka wannan da farashin ranar. Idan alal misali lita tana naira 1,000, ka tanadi 65,000 na mai kaɗai. Mai tasowa daga Kano, Kaduna ko Bauchi ya yi irin wannan lissafin da tasa tazarar, ya ƙara kuɗin masauki, domin daga can ba tafiyar yini ɗaya ba ce.

Sauran su ne kuɗin bakanike da abin da zai canza, abinci, ladan ɗan jagora, abin da za a iya karɓa na shiga, ɗan alheri ga wanda zai kula da mota, da 'yan acaɓa idan an buƙace su. Bayan duk wannan ka ware kuɗin ko-ta-kwana da ba za a taɓa ba sai mota ta lalace ko ta kafe.

Riƙe tsabar kuɗi, kuma ƙananan takardu: 200, 500, 1,000. Da ka wuce Wamba kada ka dogara da tiransifa ko mai POS, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Ka raba kuɗin gida biyu, wani a aljihunka wani a wurin uwargida.

6. Tambayi halin hanya da na tsaro, sannan ka yanke lokacin juyawa

Labarin wanda ya je bara ba ya amfani bana. Gada tana karyewa, ana gyara wani sashe, wani ya zaizaye. Kwana biyu kafin tafiya ka nemi wanda ke zaune a Wamba ko Akwanga, ko direban da ke bin hanyar, ka yi masa tambaya uku: yaya hanya, yaya rafuka, kuma lafiya lau ake shiga yankin a wannan makon? Yankin yana iyaka da jihar Filato, kuma lamarin tsaro yana canzawa. Idan mutanen wurin suka ce a dakata, an gama magana. Gurara da ke jihar Neja ko Matsirga da ke kusa da Kafanchan sun fi sauƙin kaiwa, su ma bayan an yi irin wannan tambayar.

Ka sanar da wani ɗan'uwa da ya rage a gida inda za ku, lambar mota, yawan mutane, da lokacin da zai ji daga gare ku. Sauke taswirar yankin a waya tun kana da intanet. A tafi da layukan waya na kamfani biyu daban. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122.

Yanzu sai lokaci. A ƙarshen shekara rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida. Ka yanke cewa ƙarfe biyu na rana kun bar gindin ruwa, ko da minti ashirin kacal kuka yi a wurin. Faɗa wa kowa wannan tun a gida, domin kada a zo ana roƙonka a can. Awannin da ke tsakanin biyu da shida ba na shaƙatawa ba ne, na faci ne da kafewa da yaron da ya gaji aka goya shi.

7. Daga gida zuwa Wamba

Daga Abuja hanyar ita ce Keffi, Akwanga, sannan Wamba. Ku tashi da an sallame asuba domin ku wuce Nyanya da Mararraba kafin cunkoso. Mai zuwa ta Jos zai sauko ta Hawan Kibo ya bi ta Gwantu zuwa Akwanga, mai zuwa daga Lafia kuma ya haura ta Nasarawa Eggon. Mai ƙananan yara ko mai nisa ya kwana a Akwanga, ya wayi gari da ƙarfinsa.

Cika tanki a Akwanga ko da kana ganin man zai isa. A nan kuma kowa ya zaga, a sayi abin da aka manta. A Wamba ka tsaya tasha ka sake tambayar 'yan acaɓa, su ne suka fi kowa sanin abin da hanya ta kwana da shi. Leƙawa ofishin 'yan sanda a sanar da su an shiga da iyali ba ya cin minti goma. Daga Wamba zuwa ruwan ana ƙiyasta kilomita 30, amma kada ka auna ta da mizanin kwalta.

Gargaɗi: a mota irin Hilux, kada ka sa 4H a kan busasshiyar kwalta. Tayoyin gaba da na baya suna ɗaure da juna, a kwana sai ƙarafunan su matse, har wani abu ya iya karyewa. A kwalta 2H ake tafiya, wato tayoyin baya kaɗai ke ja.

8. Inda kwalta ta ƙare

Tsaya a gefe. Rage iskar kowace taya zuwa wajen 25 a geji, a ma'aunin PSI. Tayar za ta ƙara kama ƙasa, girgiza ta ragu, na baya su samu sauƙi. Idan an shiga yashi mai zurfi ana iya saukowa zuwa 18 ko 20, amma da irin wannan iskar ba a gudu kuma ba a yanke sitiyari da ƙarfi, domin taya tana iya fita daga rim. Wanda bai zo da famfo ba kada ya rage da yawa.

Sa 4H tun yanzu, tun kafin a ga matsala. Kowa ya ɗaura bel, yara a kujerar baya, babu mai fito da kai ko hannu ta taga saboda rassan itace. Kada a bar kowa a bayan Hilux a buɗe. Riƙe sitiyari da manyan yatsunka a waje, domin idan taya ta bugi dutse sitiyarin yana fizgewa ya murɗe yatsa.

Gudu a nan bai wuce kilomita 20 zuwa 30 a awa ba, a cikin ƙauye kuma ƙasa da haka. Akwai yara, awaki, mata ɗauke da itace, da babura da ke fitowa daga kwana. Ƙurar da ka tayar a kan mutane da shanyarsu ita za su tuna da kai idan ka dawo neman taimako.

9. Taɓo, hawa da gangara

Idan ka ga wuri mai shakka, sauka ka duba da ƙafa. Don sa 4L sai mota ta tsaya cak, giya a N, mai kuloci kuma ya taka shi, sannan a jira fitilar ta daina ƙiftawa.

A taɓo, zaɓi giya ta biyu, ka shiga da ɗan ƙarfi daidai, ka riƙe totur a wuri ɗaya. Kada ka canza giya a tsakiya, kada ka tsaya. Idan sawun manyan motoci ya yi zurfi har tsakiyar hanya ta yi tudu, kada ka zuba tayoyinka cikin ramukan biyu, cikin motar zai zauna a kan tudun tayoyi su rataye. Ɗora taya ɗaya a kan tudun tsakiya, ɗayar a gefen hanya. Babban dutse kuma taya ake ɗorawa a kansa a hankali, ba a bari ya bi ta ƙarƙashin injin.

A hawa, miƙe sosai, kada ka gicciya tudu. Idan mota ta gaza, taka birki, sa ribas, ka sauko da baya a miƙe a cikin giya. Kada ka yi yunƙurin juyawa a tsakiyar tudu, a nan mota ke kifewa. A gangara, 4L da giya ta ɗaya, ka bar injin ya riƙe motar, birki kaɗan-kaɗan. Taka kuloci ko sa N a gangara kuskure ne babba.

10. Tsallake rafi

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane haɗari, kuma shi ne inda girman kai ke shiga. Tsaya nesa kaɗan da bakin ruwa. Kashe rediyo. Sauka ka nannaɗe wando, ka ɗauki sanda, ka taka ta inda tayar dama za ta bi, ka dawo ta inda ta hagu za ta bi. Kana neman abu uku: zurfi, ƙarfin gudu, da irin ƙasan. Tsakuwa da dutse suna ɗaukar mota, laka mai cin ƙafa ba ta ɗauka. Duba kuma mafitar can ƙetare, ko gaɓar ta zaizaye.

Ga ƙa'idar: idan ruwan ya wuce gwiwarka, ko yana tura ka har ka kasa tsayawa daidai, mota ba ta shiga. Ruwa mai gudu da bai fi santimita 15 ba yana iya kayar da babba, mai santimita 60 kuwa yana tafiya da manyan motoci. Idan ruwan ya yi jaja-jaja yana ɗauke da ganye da karare, ƙaruwa yake yi, ku jira ko ku juya.

Idan ya yi daidai, sauke gilasai, kashe na'urar sanyi, sa 4L giya ta biyu, ka shiga a hankali da tafiyar da ba ta fi ta mai sauri da ƙafa ba, kada ka ɗaga ƙafa har ka fita. Shiga da gudu ana watsa ruwa yana tura shi cikin hancin injin. Mota ɗaya ke shiga, sai ta fita ta biyu ta biyo. Bayan an fita, a ɗan taka birki sau da yawa ana tafiya domin ya bushe.

Gargaɗi: idan mota ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake tayar da ita. Ruwa ba ya matsuwa, kuma idan ya shiga injin ka murɗa makulli, ƙarafunan ciki ne za su lanƙwashe. Fitar da mutane tukuna, a ja motar waje, a buɗe mataciyar iska a ga ko ta jiƙe.

11. Idan mota ta kafe

Da ka ji tayoyi suna juyawa mota ba ta motsi, ɗaga ƙafa. Ƙara wuta rami kawai yake haƙawa. Gwada ribas a hankali ta sawun da ka shigo. Idan ta ƙi, kowa ya sauka ya koma inuwa, a haƙe gaban tayoyi da ƙarƙashin mota da shebur, a ƙara rage iska, a cusa duwatsu da rassa ko tabarmin ƙafa na mota a ƙarƙashin taya. In ta kama, a ɗaga da jak a kan katako a cike ramin. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Wajen ja, a ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi domin haka a jikin shasi. Kada a ɗaura a bamba, ko a dunƙulen ƙarfen jan tirela na baya, domin yana iya ɓallewa ya tashi da ƙarfin da zai kashe mutum. A yafa bargo ko tabarma a tsakiyar igiyar, kowa kuma ya ja baya fiye da tsawonta, yara a hannun manya. Idan samarin ƙauye suka zo turawa, a daidaita a kan lada kafin a fara.

12. Ƙauyen ƙarshe da tafiyar ƙafa

Kada ka wuce mutane ka nufi ruwa kai tsaye. Tsaya, yi sallama, ka nemi mai unguwa ko wanda ke kula da wurin, ka faɗi abin da ya kawo ku. Ana jin Hausa a yankin. Nemi ɗan jagora ɗan gari, ku yanke ladansa na zuwa da dawowa tun a nan. Tambaye shi ko akwai inda ba a shiga ko abin da ba a yi, ku kiyaye. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa.

Juya motar ta fuskanci hanyar fita tun yanzu, a ajiye ta a kan tudu nesa da rafi, a sa dutse a taya. A tafiya, ɗan jagora a gaba, yara a tsakiya, babba ɗaya a ƙarshe, kuma kowane yaro a san wanda ke riƙe da shi. Ɗan shekara uku zai iya zuwa idan akwai mai goya shi da zane, hannuwa biyu a sake. Mai tsohon ciki, da tsoho mai ciwon gwiwa, gara su tsaya inda ake hango ruwan daga nesa tare da wani.

A bi sawu, kada a kutsa ciyawa, kada a sa hannu a ƙarƙashin dutse ko ramin itace. Idan maciji ya sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko abin hannu, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa mota, a nufi babban asibitin Wamba ko na Akwanga. Manyan asibitoci suna Keffi da Lafia.

13. A gindin ruwa

Tun kafin ku gan shi za ku ji rugugi, sannan iska mai sanyi ta fara kawo feshi. Kusa da shi magana sai da ɗaga murya, kuma cikin 'yan mintoci riga ta jiƙe ba tare da an taɓa ruwa ba. Sa wayoyi a leda. Ku shimfiɗa tabarma a busasshen wuri da ya ɗara ruwan tsayi, nan ne sansaninku, nan za a ci abinci a yi sallah.

Dubi duwatsun da feshi ke sauka a kansu: waɗanda suka yi baƙi ko kore suna sheƙi, gansakuka ce a jikinsu, santsinta kamar na miyar kuɓewa. Ba a taka su, ba a tsalle daga wani zuwa wani. Sau da yawa wajen ɗaukar hoto ake faɗuwa, mutum yana ja da baya idonsa a kan waya.

Kada kowa ya shiga kududdufin da ruwan ke faɗawa, ko da gwanin iyo ne. Ruwan da ke faɗowa daga sama yana juyawa a ƙasa ya danne mutum, kuma ba a ganin duwatsun ciki. Yara su tsoma ƙafa a inda ɗan jagora ya nuna, ruwa iya idon sawu, babba riƙe da hannu. A guji kwantaccen ruwan gefe saboda tsargiya, cutar nan mai sa fitsarin jini, kuma ba a shan ruwan rafi. Hawa saman magangarar ba na masu iyali ba ne.

Gargaɗi: ana iya yin ruwa a kan tsaunukan Filato alhali ku rana ce a kanku. Idan farin ruwan ya fara komawa ja, ko ƙarar ta ƙaru, ko kuka ga itatuwa suna gangarowa, ku haura tudu nan take, a bar kayan.

14. Juyawa da abin da ke biyo baya

Ƙarfe biyu ta yi, a tattara. Kwashe duk leda da gora, a ƙirga yara kafin a tashi, a sake ƙirgawa a bakin mota. Sallami ɗan jagora da mai gadin mota, a yi wa mai unguwa sallama. Rafin da kuka tsallake da safe a sake auna shi da ƙafa, domin zai iya canzawa.

Da an hau kwalta, tsaya ka mayar da 2H idan motarka tana da shi, ka buɗe makullin tayoyin gaba idan akwai, ka cika iska zuwa adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Gudu a kwalta da taya mai ƙarancin iska yana sa ta zafi ta fashe. Leƙa ƙarƙashi ka cire ciyawar da ta maƙale kusa da salansa, tana iya kamawa da wuta. Kira na gida ka ce kun fito. Idan magariba ta riske ku a Akwanga kuma direba ya gaji, ku kwana.

Washegari a wanke ƙarƙashin mota da ruwa mai ƙarfi, musamman cikin rim da wajen birki, domin busasshen taɓo a rim yana sa sitiyari rawa. Bakanike ya duba mataciyar iska, ya buɗe man aksul da na giya: idan ya koma fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, a canza shi a ranar. A gida kuma a sa ido a kan yara na mako biyu, duk wanda ya yi zazzaɓi a kai shi gwajin maleriya. Wanda aka ga jini a fitsarinsa, ko da bayan wata biyu ko uku ne, a gaya wa likita cewa ya shiga ruwan rafi.